Hannun Goggo Mai Hatsin Tantabaru

Goggo ta rasu ranar Talata da hantsi. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka kai ta, mu mata muka zauna a shaggar Yaya, wato gidansa na bene da ke unguwar Shisha, muna karɓar gaisuwa. Gara in faɗa tun yanzu cewa da fushi nake wannan rubutu. Mutuwar na haƙura da ita, Allah ne ya karɓi abarsa. Abin da aka yi mata bayan mutuwar ne ya tsaya mini a wuya, har yau ya ƙi wucewa.

Ranar farko falo ya cika maƙil, sai aka riƙa tura masu son yin sallar magariba ɗakin marigayiyar. A bangon ɗakin akwai wani babban zane na fenti, hotonta ne, wata Ba'indiya maƙwabciyarsu ta zana. Matar Yaya ta riga ta lulluɓe shi da zanen gado. To, kun san mata da abin da aka rufe. Kowacce ta sallame sai ta ɗan ɗaga gefe ta leƙa.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta unguwar Nakkasa, inda muka taso, tana ɗagawa ta fashe da kuka, ta ce wallahi kamar ta kira sunanta ta amsa. Wata malama ta ce gara da aka rufe, hoton mai rai ba abin ratayewa ba ne a inda ake salla. Ita ban ga laifinta ba, abin da ta karanta ta faɗa. Sai ga matar shugaban su Yaya na ofis, Balarabiya mai ƙamshin turare. Ta duba zanen, ta ga tsohuwa baƙa zaune a ƙasa ta miƙo hannu, ta girgiza kai ta ce miskina, wato abar tausayi, ta tambaya ko cikin masu bara na bakin Harami ce. Matar Yaya ta yi saurin cewa a'a, wani zanen Indiyawa ne kawai da maƙwabciya ta bari, su ma ba su san ko wace ce ba.

Ina tsaye a bakin ƙofa da butar gahawa a hannuna. Matar da ba ta ko kwana ɗaya a kabari ba, a ɗakinta, a kan dardumarta, aka ce ba a san ta ba. Na ajiye butar don kada in yi abin da zan zo ina istigfari a kansa.

Bari in gaya muku ko wace ce, tunda masu gidan sun manta.

Yayar mahaifinmu ce. Tana yarinya aka zo da ita ƙasa mai tsarki daga ƙasar Hausa a ƙafa, ta Chadi da Sudan, shekaru a hanya. Ta yi aure a nan, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, mahaifiyarmu ta bi shi ba da jimawa ba, sai Goggo ta kwashe mu ni da Yaya zuwa ɗakinta a can saman dutsen Nakkasa, inda mota ba ta kaiwa, sai matakala da haki. Ni sunan uwarta aka sa mini, don haka Uwata take kira na. Yaya sunan ubanta gare shi, shi ne Babana. Ba ta taɓa kama sunanmu ba, ko da zagi za ta yi. Kuma tana yi, bakinta ba ya ciwo.

Sana'arta hatsin tantabaru. Ta sayo buhun alkama da na dawa, ta tsince, ta sheƙe, ta ƙulla a ƙananan leda, ta zauna a gefen hanyar da alhazai ke bi zuwa Harami. Alhaji ya saya ya watsa wa tantabaru, ya tafi da niyyar sadaka. Tana zaune da baƙar abaya da niƙabi, ba abin da ke waje sai hannun dama.

A wannan sana'a akwai wata ƙazanta da ba kowa ya sani ba. Alhazai suna watsa abin da ya fi ƙarfin tsuntsaye, in sun tafi sai wasu masu sayarwa su share ƙasa, su sake ƙulla hatsin a leda da ƙasarsa da tsakuwarsa da kashin tantabara, su sayar wa na gaba. Hatsi ɗaya sai ya zagaya sau nawa a yini. Goggo ta tsani wannan abu kamar me. Saboda haka duk wanda ya tsaya a gabanta, kafin ya taɓa leda, sai ta ɗebo hatsin a tafin hannu ta miƙa masa daidai idonsa. In Bahaushe ne ta ce, “Duba da idonka.” In ba ya jin Hausa ta ce shuf, wato duba da Larabci. In ba ya jin ko ɗaya, hannun ya ishe shi bayani. Abin ya bi jikinta, ko shinkafa za ta dafa mana sai ta miƙo mana a tafi mu duba.

Maƙwabciyar nan da ta yi kuka a gaban zanen, tare suke zama a bakin hanya, kuma ita tana shara. Wata rana Goggo ta yi mata magana, matar ta ce ai tantabara ba ta san bambanci ba. Goggo ta ce ba don tantabara take faɗa ba, bawan Allah ya taso daga ƙarshen duniya ya yi sadaka, ke kuma kin sayar masa da shara. Suka yi kaca-kaca, shekara guda ba gaisuwa. Da ciwon ƙafa ya kwantar da matar, wa ya riƙa zama a wurin sana'arta? Goggo ce. Ta riƙa kai mata cinikin kowace yamma tana ajiyewa a bakin ƙofa, ba sallama, don a cewarta faɗan bai ƙare ba. Kuma hatsinta mai tsabta ta sayar mata, na matar ta zubar wa tantabarun unguwa.

Da wannan hannu muka ci, muka yi sutura, Yaya ya yi makaranta har ya zama mai ofis da direba. Ɗan yatsanta na ƙarshe a karkace yake, ƙofar motar buhuna ce ta datse shi, ta ɗaure da tsumma ta fita kasuwa a ranar. Tana da zoben azurfa da ya sile saboda tsufa, ga baƙin lalle a kan yatsu wanda ba ta taɓa bari ya goge ba.

Da aka zo rushe ɓangarenmu na Nakkasa, Yaya ya ɗauko ta zuwa Shisha. Ba zan ci haƙƙinsa ba: ɗaki mafi kyau ya ba ta, da na'urar sanyi, da gadon da ta ƙi hawa. Amma ya kafa sharaɗi, ba ita ba hatsi. Ya ce ta huta. Mu duka mun san ba hutunta ne ya dame shi ba. Ta bi sharaɗin ba musu, abin da ba halinta ba. Bayan mako biyu sai ga ta a saman bene da tasa, tana tsince alkama tana watsa wa tantabaru, ba mai saye.

A nan Ba'indiyar ta same ta, ranar da ta hau yin shanya. Matar wani mai aikin kantin magani ce, Musulma, ta yi karatun zane a ƙasarsu kafin aure ya kawo ta. Irin masu zana mutum yadda yake ne, da tamojin fuskarsa da dattin farcensa, har ka rantse na'ura ce ta ɗauka. Larabcinta gurgu, na Goggo ma ɗingishi yake, amma suka ƙulle. Tana ce wa Goggo Hala, wato inna da Larabci, Goggo tana ce mata 'Yar Indiya.

Wata Juma'a na je gaisuwa na tarar tana nuna wa Goggo tsofaffin zanenta a waya. Akwai na wani mai shayi a bakin titi yana kallon gefe. Ta ce masana a can sun ce zanen yana nuna kaɗaicin ɗan'adam a babban birni. Goggo ta kawo wayar kusa da hanci ta ce kaɗaicin me, mutumin nan madararsa ce ta kusa ƙarewa, yana duban mai kawo masa, ba ki ga tukunyar a karkace ba? Akwai na wata tsohuwa tana barci ƙarƙashin fanka, mahaifiyar mai zanen ce. An ce wai salama ce da natsuwa. Goggo ta ce wannan ba barci take ba, fushi take da wani a gidan, dubi yadda ta matse baki. 'Yar Indiya ta yi dariya har da hawaye, ta ce ranar kuwa mahaifiyar ta yi faɗa da babanta. Tun daga nan ta nace sai ta zana Goggo.

Wata biyu suka yi, kullum bayan la'asar. Goggo na zaune a kan tabarma da farin mayafi, fuska a buɗe tunda ba maza, tantabaru a ƙafarta. Mai zanen ta ce ta zauna yadda ta ga dama. Goggo kuwa ba ta san wani zama a gaban mutum ba sai ɗaya, ta ɗebo alkama ta miƙa mata.

Ranar da aka gama ina nan. Goggo ba ta ko kalli fuskarta ba, hannun ta nufa. Ta daɗe tana dubawa, sai ta sa yatsa a kan wani ɗigo mai toka-toka a cikin hatsin ta ce mene ne wannan. Mai zanen ta ce inuwa ce, ido yana bukatar wurin hutawa. Goggo ta miƙe tsaye.

“Uwata, gaya mata da Larabci mai kyau. Shekara arba'in ba a taɓa samun tsakuwa a hannuna ba. Ba za a fara a bango ba.”

Yarinyar ta yi bayani, ta kawo maganar haske da launi, Goggo ta kwashe tasarta ta sauka. Kwana uku ba ta hau bene ba. A na huɗu 'Yar Indiya ta sauko da zanen a ka, ta kankare ɗigon ta mai da shi ƙwayar alkama. Goggo ta duba ta ce yanzu ne ta iya aiki, ta sa aka dama mata kunun gyaɗa.

Daga baya aka kai zanen baje koli a Indiya, ya yi 'yan watanni ya dawo, tare da hoton littafin da masu kallo suka yi rubutu a ciki. Mai zanen tana karantawa tana mayarwa Larabci, ni ina mayarwa Hausa. Wani ya ce uwa ce mai ciyar da duniya. Goggo ta ce duniya ta yi mata yawa, yara biyu ma da ƙyar. Wani ya ce addu'a take yi. Ta ce da hannu ɗaya? Wani ɗalibi ya cika shafi guda, wai hannun yana tuhumar mai kallo ne a kan talaucin Afirka. Ta ce Allah ya ba shi lafiya. Da aka zo kan wanda ya ce zanen mabaraciya ne mai ban tausayi, na so in tsallake, ta gane, ta ce in faɗa. Na faɗa. Ba ta yi fushi ba, sai ta taɓe baki ta ce shi bai ga hannun a cike yake ba, mai bara da fanko yake zuwa. Can ƙasa wata mata ta rubuta layi ɗaya, cewa haka kakarta take nuna shinkafa in ta gama tsincewa. Goggo ta buga cinya ta ce wannan ce kaɗai mai ido a ƙasar, a kai mata gaisuwa.

Da aikin mijinta ya ƙare za su koma gida, 'Yar Indiya ta ƙi sayar da zanen, ta rataye shi da hannunta a ɗakin Goggo. Goggo ta ce mini, ba sau ɗaya ba, in ta mutu in ɗauka. Ban sa ta faɗa a gaban Yaya ba. Wannan wautata ce, na ɗauka tsakanina da ɗan'uwana ba sai da shaida ba.

Rana ta uku da aka ci shinkafar rufe zaman makoki, baƙi suka watse, na ce wa Yaya zan tafi da zanen. Ya ce in bari tukuna, malamai sun yi magana a kan hoto, zai duba abin da ya dace. Na yarda, don a ganina maganar addini ce. Bayan kwana goma na koma kwashe tufafinta na sadaka. Bangon ɗakinta wayam. Na leƙa falon baƙi, sai ga Goggo a sabon firem mai ruwan zinariya, daga kai zuwa ƙirji. Ba tabarma, ba tasa, ba tantabaru, ba hannu. Wata dattijuwa ce mai farin mayafi, irin wadda za a ce wa baƙo ai gidan malamai ne tun asali.

Na jira shi ya dawo daga ofis, ban bari ya cire takalmi ba.

“Yaya, ina hannun?”

Ya ce in zauna. Na ce ba zama ya kawo ni ba. Na ce in don addini ne, kowa ya san kai ake cirewa a bar saura, shi kuma ya bar kai ya cire abin da ya ciyar da shi. Sai ya yi magana da Hausa, shi da a gidansa sai Larabci.

“Ke ba ki yi makarantar maza ba. Ba ki san abin da ake kiran ɗan baƙar mace mai zama a bakin hanya ba. Duk wanda ya shigo gidan nan ya ga hannun nan, abu ɗaya zai gani. 'Ya'yana ba za su ji abin da na ji ba.”

Na san gaskiya ce, na ga ranakun da yake dawowa da yagaggiyar riga ya ƙi faɗin dalili. Na tausaya wa yaron nan na da. Amma mutumin da ke tsaye a gabana ya haura hamsin, kuma ya fi kowa sanin abin da ke cikin tafin nan. Baƙo a Indiya ya ga bara, an yi masa uzuri, bai san ta ba. Shi fa? Maimakon ya buɗe baki ya ce wa baƙinsa wannan ce ta raine ni, hatsi take sayarwa, sai ya zaɓi wuƙa. A garin nan kabari ba shi da suna, mu mata ko wurin ba ma zuwa. Ɗakin Nakkasa ya zama fili. Abu ɗaya ya rage da zai nuna yadda matar nan ta rayu, shi ne ya raba biyu. Na faɗa masa duk wannan, da ma wanda bai kamata in rubuta ba. Na tambaye shi inda sauran yake, ya ce ya bar wa mai firem ya zubar.

A bayan sabon firem ɗin akwai takardar shagon a manne. Washegari da safe na ɗauki tasi. Ƙaramin shago ne cike da gilasai da allunan ayoyi, mai shi wani dattijo Ba'indiye mai jan gemu na lalle. Na fara bayani, ban kai ƙarshe ba ya ɗaga labulen bayan shagon ya fito da abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya shimfiɗa a kan tebur a hankali. Ga tasa, ga tantabaru, ga hannun.

Ya ce wani mutum, Yaya ke nan, ya kawo zanen a naɗe, ya riga ya ja layi da biro a baya, yana sauri. Fuskar kawai ya nuna masa, shi kuwa bai san fuskar ba. Ya kifa shi ya bi layi ya yanke. Sai da mutumin ya tafi ya juya guntun zai jefa a shara.

Ya sa yatsa kusa da karkataccen ɗan yatsan, bai taɓa ba.

“Wannan Hajiya mai hatsi ce, ko?”

Na ce ita ce. Ya ce da shagonsa yana kusa da Harami, kafin a tashe su. 'Yarsa ta yi doguwar jinya a can gida, ba shi da halin zuwa, sai ya ɗauki al'adar sayen hatsi duk Juma'a ya watsa da niyyar Allah ya ba ta lafiya. Wurin mutum ɗaya yake saye, don ita kaɗai ce ke nuna maka kafin ka karɓa. Shekara goma sha wani abu, bai taɓa ganin fuskarta ba, bai san sunanta ba. Kullum sai ta tambaye shi jikin yarinya. Wata Juma'a ya zo ba ta nan, ya yi ta zuwa har ya gaji. Ya ce yarinyar ta warke, 'ya'yanta uku yanzu, ya so ƙwarai ya gaya mata.

Sai ya tambaya ko tana nan lafiya. Na ce yau kwana goma sha huɗu.

Dattijon nan ya zauna a kan kujerarsa, ya cire tabarau, ya yi salati. Ya daɗe yana kallon hannunsa da ya riƙe wuƙar. Ya ce in yafe masa. Na ce ba shi ya ja layin ba. Ni da ban yi kuka a gaban masu gaisuwa ba, a shagon nan na yi, tsakanin gilasai, ina jin yana yi mata addu'a da harshensu.

Ya roƙe ni in bar shi ya yi wa guntun firem, na katako, ba ado. Yana bangon ɗakina yanzu. Fuskar tana falon Yaya, na ji an ce baƙi suna yaba kwarjininta. Ban koma gidan ba tukuna. 'Yar Indiya ta kira daga ƙasarsu ta yi mini gaisuwa tana kuka, ta tambayi zanen, na ce yana nan. Ban iya ƙarasa mata ba.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya sa abin da ta tsince a duniya ta tarar da shi tsaf a can. Shi kuma Babanta, wato Yaya, ina roƙa masa Allah ya ba shi ƙarfin zuciyar da zai hau matakalar gidana wata rana. Ba zan yi masa gori ba. Zan kai shi gaban bangon nan kawai in ce ya duba da idonsa.